Ciwon bayan da korona ta bar mini

Jiya da dare ina shafa man zafi a ƙugu sai ɗiyata tac ce, "Mama har yanzu bayan nan bai bari ba?" Sai na tsaya ina lissahi, ashe tun azumin 2020 nike tare da shi.

Korona ta shigo Najeriya ƙarshen Fabrairu ta Legas, mu nan Sakkwato sai cikin Afrilu anka samu mutum na farko, kwana kaɗan kuma azumi ya kama. Ni ko ma'aikaciyar lafiya ce, ina cikin masu jinyar waɗanda cutar ta kama. To kun dai san Afrilu da Mayu a garin ga, zafi ya wuce digiri 40, ga ki da ƙishirwa, sannan ki shiga rigar kariya mai kama da leda tun daga kai har ƙafa, takunkumi, tabarau, safar hannu biyu, da takalmin roba. Wallahi in na cire takalmin nan zufa nike juyewa kamar wadda ta taka cikin ruwa. Takunkumin ya ci mini karan hanci har ya yi gyambo, sai na liƙa filasta sannan in maida shi. Kuma in kin shiga ba fita, ko fitsari ya matse ki sai ki daure, don in kin cire rigar ta tashi aiki, ga su ba yawa.

Ciwon bayan kuwa wurin juya marasa lafiya na same shi. Wanda numfashi ke ma wuya ana kwantar da shi rub da ciki don huhu ya samu sarari, mu biyu ko ukku za mu ɗaga babban mutum, mu ja silindar oksijin, mu duƙa mu tashi, awa goma sha biyu ƙafa ba hutu. Da na ji ya motsa sai farasitamol bayan shan ruwa, in ya ƙi in ƙara da diklofenak, alhali na fi kowa sanin abin da yake ma ciki da ƙoda.

Amma duk wanga mai sauƙi ne a kan rashin barci. In na sauka aikin dare sai na yi wanka na jiƙa kayana a bokiti kafin in bari yara su matso, in kwanta jiki ya mutu liƙis amma ido ƙyar, kunnena na jin ƙarar oksijin, zuciya na dukan tara-tara. Inna na gidan, ga hawan jini ga ciwon suga, irin waɗanda cutar ta fi kayarwa ke nan. Wata biyu daga bakin ƙofa nike gaishe ta, ita ko ta ce, "Shigo mana ɗiyata, abin da Allah Ya rubuto ba ya wuce ranarshi." In ce a'a Inna, in juya ina share hawaye. Na sha farkawa tsakar dare in ɗauko kwalbar turare in shinshina, don in tabbatar hancina na jin ƙamshi, tunda rashin jin shi na cikin alamun cutar.

Waje kuma ana cewa korona ƙarya ce, cutar masu kuɗi ce. Wani ɗan kabu-kabu ya ga kayan aiki jikina ya ja mashin ɗinshi ya wuce. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, fiye da kuɗin haɗari na naira 5,000 a wata da ma'aikatan lafiya ke amsa kafin annobar.

Akwai wata babbar nas da munka yi aiki tare, ta kusa ritaya. Wata asuba na iske ta zaune kan darduma ta yi barci cikin zaman tahiya, yatsanta a miƙe. Na taɓa ta a hankali na ce, "Anti, ki sallame ki ɗan kwanta, ni zan duba su." Ta buɗe ido jajur ta ce mini, "Na gado na huɗu fa, an canza mishi silinda?"