Kwana huɗu a Alƙahira: shawara ga ango da amarya

Ƙannena masu shirin kai amarya Masar, abin da ya cuce mu a zuwan farko haɗama ce. Mun cika takarda da sunayen wurare kamar waɗanda za su yi wata guda, alhali kwana huɗu ne kacal, sai rabin hutun ya ƙare a cikin mota. Alƙahira gari ne mai cunkoso, tafiyar minti ashirin da safe takan ci awa guda bayan la'asar. Ku raba garin unguwa-unguwa, kowace rana ɓangare ɗaya, ku koma masauki kafin gajiya ta haɗa ku faɗa. Iskandariyya da Luksor kuwa, a bar su sai wani jiƙon.

Tun daga gida, ban da biza da katin rigakafin cutar shawara, ku ɗauki takardar shaidar aure. Matanmu sunan mahaifinsu ne a fasfo, kuma wasu otal-otal sukan nemi shaida kafin su ba mace da namiji ɗaki ɗaya. Ku kuma tabbatar katin bankinku yana aiki a waje, domin manyan wuraren tarihi sun koma karɓar kuɗin tikiti da kati. Lokaci mafi daɗi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, amma da dare akwai sanyi na gaske, a zo da rigar sanyi. Daga Maris zuwa Mayu iskar ƙura da suke kira Hamsin tana iya rufe gari.

Ranar farko ta Giza ce, inda manyan dalolin Fir'aunoni suke a gefen gari, kuma sammako ake yi mata. Wanda ya isa ƙarfe goma sha ɗaya zai tarar da rana da motocin 'yan yawon buɗe ido, ga shi babu inuwa ko ta bishiya ɗaya. Babbar dala, ta Fir'auna Kufu, ta kai kimanin shekara 4,500, tsayinta na asali mita 146. Shiga cikinta tikiti ne daban, kuma ni ban ga ribarsa ga kowa ba: hanya ce ƙunƙuntacciya da ake hawa a sunkuye, ga zafi, ƙarshenta ɗaki ne da akwatin dutse wanda babu komai a ciki. Mai juna biyu ko mai ciwon baya ta haƙura. Masu raƙuma da dawaki su ne jarrabawar wurin. Kada ɗayanku ya hau sai an yanke farashi, an faɗi na mutum ɗaya ne ko na biyu, zuwa ina, da fam ɗin Masar ko da dalar Amurka, kuma har da saukowa. Mun taɓa biyan kuɗin sauka daban saboda ba mu tambaya ba. Duk wanda ya miƙo muku rawani ko tsarabar da ya ce kyauta ce, ku bar hannunku a aljihu.

In rana ta take, ku wuce sabon babban gidan tarihin da ke kusa da dalar, wanda aka buɗe a hukumance a Nuwamban 2025. Can kayan kabarin Fir'auna Tutankamun suke. Awa uku ta isa, fiye da haka ƙafa ce za ta yi magana.

Ga kuskuren da mutanenmu suka fi yi. Kowa yana son ganin gawar Fir'auna, sai a nufi tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir, wanda aka buɗe tun 1902, saboda nan wani kawu ya gan ta shekarun baya. Tun Afrilun 2021 aka kwashe gawarwakin sarakuna 22, maza 18 da mata 4, zuwa gidan tarihin wayewar Masar da ke Fustat. Ramsis na Biyu, wanda da yawa suke cewa shi ne na zamanin Annabi Musa (AS), yana cikinsu. Ba a ɗaukar hoto a wannan zauren, kada ku ja wa kanku magana da masu gadi. Tunda kuna Fustat, masallacin Amru ɗan Asi yana nan kusa, shi ne na farko da aka gina a Masar, jim kaɗan bayan Musulmi sun buɗe ƙasar. Wannan ya isa rana ta biyu.

Rana ta uku a ƙafa ake yin ta, sai amarya ta ajiye takalmi mai tsini. Ku fara da Azhar, wanda Fatimiyyawa suka fara ginawa a 970, ku tsallaka zuwa masallacin Husaini, sannan ku bi titin Mu'izz zuwa ƙofar Futuh. Bayan magariba, idan an kunna fitilu, ya fi kyau. Kasuwar Khan Halili tana nan a gefe, kuma kuɗin farko da za a faɗa muku ba na saye ba ne. Ku taya ƙasa da rabi, ku juya kamar za ku tafi. Kada amarya ta nuna zumuɗi a kan abin da take so, nan take farashin yake tashi. Direban da ya ce zai biya da ku shagon turare ko na takardar zamanin Fir'auna, kamasho yake nema, kuma daga aljihunku zai fito.

Ranar ƙarshe a yi ta da sauƙi. Da safe a hau ganuwar Salahuddin Ayyubi, a ga masallacin Muhammadu Ali da garin gaba ɗaya daga sama. Mai sha'awar ziyara, kabarin Imam Shafi'i ba shi da nisa. Da yamma sai Kogin Nilu. A nan ku bambance jirgi biyu: manyan jiragen cin abincin dare galibi da kiɗa da rawar mata suke, wanda bai sani ba sai ya tsinci kansa yana sunkuyar da kai gaban matarsa. Ƙaramin jirgin iska da suke kira faluka shi ya dace da mutum biyu, a yi ciniki na awa guda daidai faɗuwar rana.

Wajen zirga-zirga, Uber ya fi tasi kwanciyar hankali saboda babu ciniki, kuma karatun Islamiyya zai yi rana wajen gane lambobin Larabci na jikin mota. Jirgin ƙasa na cikin gari yana da taragu na mata zalla. Matarka za ta iya shiga na kowa tare da kai, kai ne ba za ka bi ta cikin nasu ba. Ku sha ruwan gora, ku riƙe ƙananan kuɗi na bakshish, wato ɗan ihsanin da ake ba masu hidima, ku ɗanɗani koshari, shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa, amma ba a daren da za ku hau jirgin komawa gida ba.