Abin da Na Yi Sakaci da Shi a Shekaru Shida na Zaman Alƙahira

Ƙannena masu shirin tafiya karatu ƙasar waje, musamman waɗanda suka nufi Masar, ina so in ba ku labarin yadda na tafiyar da rayuwata a wajen aji lokacin da nake ɗalibi a Jami'ar Azhar, domin a nan ne na tafka kurakuran da har yau suke tsaya mini a rai.

Shekaru biyun farko na yi su ne kamar ban bar gida ba. Mu shida ne a gidan haya ɗaya a Hayyul Ashir, cikin Madinatu Nasr, inda ɗaliban Afirka suka yi yawa, kuma dukkanmu Hausawa ne. Da Hausa muke kwana, da ita muke tashi, mu tuƙa tuwo da miyar kukar da masu dawowa daga hutu suke kawo mana tsaraba, sannan mu raba dare muna musu a kan siyasar Najeriya. Ban ce zama da 'yan uwa laifi ne ba, domin su ne suka tarbe ni a filin jirgi, kuma su ne suka yi jinyata lokacin da sanyin watan Janairu ya kwantar da ni. Laifina shi ne ban nemi sanin kowa ba bayan su. Ina iya karanta littafin nahawu in fahimta, amma idan mai kayan miya ya yi mini magana da Larabcin kan titi, wanda suke kira ammiyya, sai in tsaya ina kallonsa. Wannan ya cutar da ni har a cikin aji, saboda malamai da yawa, idan bayani ya yi zurfi, sukan koma ammiyya domin 'yan ƙasa su gane sosai.

A benen da muke zaune akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya. A azumin shekarata ta farko ya hawo matakala da ƙyar, yana dafa bango, ya ƙwanƙwasa ƙofarmu, ya miƙo mini faranti cike da kunafa, wani kayan zaƙi nasu, ya ce, "Ɗana, gobe a wurinmu za ka sha ruwa." Na ce masa in Allah ya so, amma ban je ba. Haka ya yi a shekara ta biyu, ni ma haka na yi. Kunyar rashin iya magana ce ta hana ni, tare da ɓacin ran da nake ji idan yara suka tsokane ni a titi saboda launin fatata, har na yi wa mutanen gari kuɗin goro. Sai a shekara ta uku na amsa gayyatarsa. Da uwargidansa ta aiko da abinci, na buɗe kwano na ga mulukiya, na ɗanɗana na ji ashe miyar lalo ce irin tamu, sai dai su da tafarnuwa suke ƙamshinta. Daga wannan dare ya riƙa gyara mini harshe cikin haƙuri, kuma shi ne ya kai ni kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya, kusa da Ataba, ya koya mini yadda ake taya littafi. Watanni kaɗan bayan haka Allah ya yi masa rasuwa. Allah ya jiƙansa. Alherin da zan daɗe ina kwasa tun ranar da na sauka, ban samu sai ƙarshensa ba.

Da idona ya buɗe kuma, sai na wuce gona da iri. Na sayi waya mai kyamara mai kyau, na shiga bin kowace tafiyar shaƙatawa da ɗalibai suke shiryawa, wadda muke kira rihla: yau Iskandariya, wata mai zuwa Luksor da Aswan, bayan nan bakin Bahar Maliya. Gaskiyar da zan faɗa muku ita ce hoton da zan ɗora a Facebook nake nema, ba sanin wuraren ba. Ranar da na je dalolin Giza ban yi awa biyu ba, kuma rabin lokacin ya tafi wajen jayayya da mai raƙumin da na hau ba tare da mun yanke farashi ba. Na tsaya a gindin babbar dalar da aka gina kimanin shekaru 4,500 da suka wuce, wadda tsayinta na asali ya kai mita 146, ban tambayi kaina yadda aka ɗora duwatsun nan ba. Katin ɗalibta ma, wanda yake rage kuɗin shiga wuraren tarihi zuwa rabi, a gida na manta shi.

Ina cikin wannan hali gwamnatin Masar ta saki farashin fam, wato kuɗin ƙasar, a watan Nuwamba na 2016. Kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi, a gida kuma naira ta faɗi, dala ta yi wa iyaye wuyar samu. Kuɗin da mahaifina ya aiko domin haya da sabunta takardar zama, wato iƙama, na riga na kashe su a tikitin jirgin ƙasa da ɗakin otal. A hanyar dawowa daga wata tafiya aka tsayar da motarmu a shingen bincike, aka ga iƙamata ta ƙare, aka riƙe ni sa'o'i masu yawa, aka bi hotunan wayata ɗaya bayan ɗaya. A ranar na san cewa ɗaukar hoton wuraren jami'an tsaro haramun ne a dokar ƙasar, kuma sa'a ce kawai ta sa ba a samu irinsu a wayata ba. A shekarar na faɗi darussa da dama, na maimaita aji, mahaifina kuma ya sayar da sa domin ya cike giɓin da na haƙa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, wuraren da suka fi cancanta in sani suna kusa da ni, kuma yawancinsu ba sa buƙatar ko sisi. Masallacin Azhar da sarakunan daular Faɗimiyyawa suka fara ginawa a 970 yana da zauruka da ake kira ruwaƙ, inda ɗalibai suke kwana a zamanin da, kuma har Barnawa sun kasance da nasu. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa makarantarsu a wannan birni, kuma ta nan Mansa Musa na Mali ya ratsa a 1324 a hanyarsa ta aikin hajji. Imam Suyuɗi, ɗaya daga cikin malamai biyu da suka wallafa tafsirin Jalalaini da ake karantawa a masallatanmu duk azumi, ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ya rasu a 1505, kuma kabarinsa yana nan cikin Alƙahira. Sai a watana na ƙarshe na ziyarce shi. A makon ne kuma na shiga masallacin Ibn Ɗulun, wanda aka kammala a 879, na zauna a faffaɗar farfajiyarsa da babu hayaniya, ina duban hasumiyar da matakalarta take kewaya ta daga waje, ina lissafin ranakun Juma'ar da na ɓatar a kan katifa.

Saboda haka, idan kuɗi suka iso daga gida, ku fara ware na haya da na iƙama da na littattafai kafin ku saurari zancen wata rihla, kuma ku jinkirta tafiya mai nisa zuwa hutun bayan jarrabawa. Hutun tsakiyar shekara ma yakan zo daidai da baje kolin littattafai na Alƙahira, wanda aka fara tun 1969. Duk inda za ku je, ku karanta tarihinsa kafin ku fita, ko da shafi biyu ne. Ku taka da ƙafa a titin Mu'iz daga Babul Futuh zuwa Babu Zuwaila, ƙofofin tsohon birnin Alƙahira, ku tsaya ku tambayi masu gadin masallatai, domin da yawansu suna son a tambaye su. Idan da hali, ku haɗa gida da ɗalibi ɗaya aƙalla wanda ba ya jin Hausa, ɗan Indunisiya ne ko ɗan Senegal, ta yadda Larabci zai zama dole a kanku har wajen raba aikin girki.

Idan kuma maƙwabci ya ƙwanƙwasa muku ƙofa a cikin azumi ya gayyace ku shan ruwa, ku je tun a daren farko, ko da Larabcinku yana karyewa, ku riƙe masa ɗan kilishi ko dambun naman da kuka zo da shi daga gida.