Kuɗin Kyauta Ma Sai An Shigar da Su Lissafi

Aikina a sashen wasanni na wata jami'a a Amurka shi ne in tabbatar ba mu taka dokar Title IX ba, wadda Shugaba Nixon ya sa wa hannu a 1972, ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya bambanta mace da namiji. Ƙidaya ba ta taɓa hana ni barci ba. Tun 1979 aka shimfiɗa hanyoyi uku, kowacce ka bi ka tsira, mu kuwa ta farko muke bi: kason mata cikin 'yan wasa ya yi daidai da kasonsu cikin ɗalibai. Rahoton shekara-shekara kan wasannin maza da mata da wata dokar 1994 ta wajabta, kafin 15 ga Oktoba muke fitar da shi, a wuce wurin.

Ɗakin sauya kaya ne ya jiƙa mana aiki.

Wani attajiri, tsohon ɗalibinmu, ya ɗauki nauyin gyara ɗakin 'yan ƙwallon kwando maza. Aka zuba kujerun fata, aka kafa allon kallon bidiyon wasa, kowane yaro da durowarsa mai sunansa a jiki. Ɗakin 'yan mata yana can ƙasan bene, bencin katako ne, famfon wanka ɗaya na ɗiga ana tara masa bokiti. Na rubuta wa daraktan sashen cewa wannan zai ja mana magana. Amsarsa layi guda ce: "Ai ba kuɗin jami'a ba ne."

Har yau wannan jimla tana ci mini rai, don duk wanda ya san aikin ya san doka ba ruwanta da inda kuɗi suka fito. Ko baitulmalin jami'a, ko aljihun mai kyauta, ko cinikin tikiti, abin da ake dubawa shi ne me ɗan wasa ya samu, me 'yar wasa ta samu. Kamar uba ne da aka kawo wa ɗansa ɗaya kayan salla. Ba zai bar sauran da tsumma ya ce ba shi ya saya ba.

'Yan matan nan kuma ba makafi ba ne. Duk sun ga bidiyon da 'yar ƙwallon kwando Sedona Prince ta jami'ar Oregon ta ɗauka a 2021 a San Antonio, inda ta nuna 'yan ƙarafan motsa jiki da NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta ajiye wa mata, maza kuwa an cika musu zaure. Wata a cikinsu ta ɗauki hotunan ɗakunan biyu, ƙorafi ya tafi ofishin kare haƙƙi na Ma'aikatar Ilimi. Ba sai da lauya ba, kowa na iya shigarwa.

Masu bincike ba su tsaya a ɗakin ba, komai suka ce a buɗe musu: wa ke hawa jirgi, wa ke kwana a bas, mutum nawa ake haɗawa a ɗakin otal, wa aka ba atisayen asuba, wa ya samu na yamma. Doka tana auna ɓangaren maza gaba ɗaya da na mata gaba ɗaya, ba ƙungiya da ƙungiya ba, don haka muka bazama neman inda mata suka fi maza morewa ko ma samu abin kare kai. Muka duba sama da ƙasa, babu.

Ƙarshenta muka sa hannu a yarjejeniyar gyara. Ɗakin mata da kuɗinmu muka gina shi, cikin gaggawa, a farashin da ɗan kwangila ya ga dama, ga rahoton da za mu riƙa aikawa. Da an zauna da attajirin tun farko an ce, "Ranka ya daɗe, ko ka faɗaɗa kyautar ta haɗa da 'yan mata, ko ka ba mu lokaci mu tanadi namu kason," ina da yaƙinin zai amince. Daga baya da labari ya kai masa, haushinsa shi ne ba wanda ya gaya masa.

Yanzu ko takalma wani zai ba ƙungiya kyauta, sai takardar ta biyo ta teburina kafin a ce an gode. Kocin maza yana cewa ina korar masu alheri. Kowane zango kuma ina sauka ƙasan bene da kaina, in murɗa famfunan ɗaya bayan ɗaya.