Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Fili na Jama'a, Gini na Mai Gida

Jama'a, barkanmu da sake saduwa. Makon jiya mun tsaya a daidai shigata aikin asusun gidaje na al'umma, wato ƙungiyar da ke riƙe fili don mabuƙata su mallaki gida da araha. Yau labarin kaina zai ɗan dakata, domin wanda bai san yadda aikin yake ba, ba zai gane abin da ya biyo baya ba.

Kuskuren da masu taimako suka fi yi shi ne su tara gudummawa, su gina gida, su damƙa wa mabuƙaci takardun fili da na gini gaba ɗaya. Shekara goma ba ta cika ba unguwa ta yi daraja, mai gida ya sayar yadda kasuwa ta kama, tallafin ya bi mutum ɗaya ya tafi. Ba laifinsa ba ne, haƙƙinsa ya sayar. Amma na bayansa sai an sake yawo da ƙoƙon bara.

Dabarar ita ce a raba fili da gini. Kwamitin amintattu ya riƙe filin kamar wakafi, ba a sayarwa. Iyali su sayi ginin kaɗai, a ba su hayar filin ta shekara 99, ana sabuntawa, 'ya'ya kuma suna gada. Baƙaƙen fatar Amurka ne suka fara wannan tsari a jihar Jojiya a 1969, da ƙungiyar New Communities. A 1984 birnin Burlington na jihar Vermont ta Amurka, zamanin da Bernie Sanders yake magajin gari, ya kafa tasa da dala 200,000.

Gishirin zancen yana cikin ƙa'idar sake sayarwa. A Burlington mai gida yana ɗaukar kashi 25 cikin 100 na ƙarin darajar da gidan ya yi. Mu sauƙaƙa lissafin. A ce gida da filinsa sun kai 100, tallafi ya ɗauke 30, iyali suka biya 70. Bayan shekaru aka kimanta shi 140, ƙari 40 ke nan. Mai gida zai tafi da 70 ɗinsa da ribar 10, sabon iyali su sayi gidan 140 a kan 80. Gudummawar farko tana nan a ƙasa, tana ma ƙaruwa.

A nan kuma rigima take tashi. In ba a zaunar da mai saye an yi masa wannan lissafin tun kafin ya sa hannu ba, ranar sayarwa zai ce an cuce shi. Haka in ya ƙara ɗaki ko ya sake rufi: a rubuta tun farko wane gyara ake biya, wa zai kimanta.

Sai ajiyar gyara. Masu bayarwa suna son ranar buɗe gida, ba mai marmarin biyan kuɗin yoyon rufi. Shi ya sa ake ware wani abu daga hayar fili ta wata-wata a asusu daban. Kuma gida mai arhar gini yana iya zama mai tsadar zama. Rufin da ba ya tare zafi ko sanyi, da tagogin da iska ba ta ratsawa, kuɗin wuta ne suke ci kowane wata, alhali tun a zane ake gyara su.

Kwamiti kashi uku ake yi masa daidai: mazauna gidajen, maƙwabtan da ba sa ciki, da wakilan maslahar jama'a, don kada ɓangare ɗaya ya juya shi yadda ya ga dama.

Kada kuma a jingina filin a ci bashi. New Communities ta rasa gonarta mai eka sama da 5,000 a 1985, bayan fari da bashi da wariyar da aka nuna mata wajen rancen gaggawa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga batun zaɓen wanda za a fara ba gida idan masu nema sun fi gidajen yawa.