Godiya ga duk wanda ya taya mu jimamin rasuwar Baba

Assalamu alaikum jama'a. A madadin iyayenmu mata da kawunnanmu da ƙannena da dukkan ma'aikatan gidan rediyonmu, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana tun daga jinyar Baba har Allah ya karɓi abinsa, aka yi jana'iza, aka yi zaman makoki har zuwa sadakar uku. Wallahi ba mu da bakin gode muku, sai dai mu ce Allah ya bar zumunci ya ba kowa ladan tattakin da ya yi.

Muna godiya ga Malam liman da ya sallace shi, da mai girma Hakimi da ya tako da kansa, da likitoci da nas-nas ɗin da suka yi ta ɗawainiya da shi ba dare ba rana, da samarin unguwa da suka ba da jini suka kuma tsaya wajen haƙar kabari, da matan maƙota da suka yi ta aiko da kwanukan abinci har muka rasa inda za mu ajiye.

Abokan sana'a kuma ku naku daban ne. Tashoshin da muke gogayya da su a kan talla kullum su ne suka fara sa sanarwar rasuwar, ba wanda ya karɓi ko sisi, kuma wata tasha ta turo mana injiniyanta da mai gabatarwa guda suka riƙe mana situdiyo suna sa karatun Alƙur'ani don yaranmu su samu zuwa maƙabarta, don ranar babu wanda zai iya buɗe baki a gaban makirfo, wanda ya gwada karanta sanarwar ma kuka ne ya ci ƙarfinsa tun kafin ya kai ga faɗin lokacin jana'iza. Allah ya saka da alheri.

Amma gaskiya waɗanda suka fi sa mu hawaye su ne mutanen da ba mu taɓa gani ba. Wata baiwar Allah ta zo daga ƙauye da ɗanta wanda ya zama saurayi, ta ce wannan yaron yana ƙarami ya ɓace ranar kasuwa, ta zo tashar ba takalmi a ƙafarta ba ko kwabo a hannunta, Baba ya sa aka katse shiri aka yi ta maimaita cigiya har aka kawo shi bayan magariba. Wasu Fulani sun zo da ƙwaryar nono, su ma shanunsu aka taɓa yi musu cigiya. 'Yan adaidaita sahu kuwa kyauta suka yi ta kwasar mutane zuwa maƙabarta, ka miƙa kuɗi su ce haba, ai Alhaji ne.

To duk wannan daga doka ɗaya ya samo asali wadda Baba ya kafa tun ranar da aka kunna tiransimita, cigiyar yaro da sanarwar rasuwa da neman jini ga mara lafiya ba a karɓar kuɗinsu, ko waye ya kawo. Kuma duk wanda ya san harkar nan ya san ba ƙaramin abu ba ne, don rediyo dizal take sha. A 2022 lita ta tashi daga ƙasa da naira 300 ta kai wajen 800, wutar Nefa kuwa sai dai labari, a watan Agustan shekarar kuma NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashin kuɗin lasisi, kowa hankalinsa a tashe. Mai kula da kuɗinmu ya kawo shawara a sa ko ɗan wani abu a kan sanarwar rasuwa tunda ita ta fi yawa, Baba ya ƙi, ya gwammace a rage awannin dare, daga baya ma filinsa ya sayar aka biya albashi aka gyara janareta. Mu 'ya'yansa har gunaguni muka yi a lokacin, shi ko a jikinsa.

Mutum ne da ya taso lokacin da in ba gidan gwamnati ba sai dai ka kamo BBC ko Muryar Amurka ko Jamus a gajeren zango. Yana yawan ba mu labarin dokar 1992 da ta kafa NBC ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tasha, da yadda Raypower ta fara a Legas a 1994, amma buɗe Freedom Radio a Kano a 2003 shi ne ya hana shi barci, ya ga ashe talaka zai iya buga waya ya faɗi damuwarsa da Hausa mahukunta su ji.

'Yan siyasar da suka sha yin fushi da shi saboda shirin kiran waya, mun ga zuwanku kuma mun gode, shi dai bai taɓa riƙe kowa a zuciya ba. Wanda ya kira ba mu ɗaga ba ko ya turo saƙo ba mu amsa ba don Allah ya yi mana uzuri, wayoyin ne suka yi yawa.

Sai roƙo. Duk wanda Baba ya saɓa wa ya yafe masa don girman Allah. Duk mai binsa bashi ko mai ajiya a wurinsa ya zo gida ya samu Kawu bayan la'asar, ko ba takarda a zo a yi magana, muna so mu sauke masa nauyi kafin a zauna rabon gado. Allah ya jiƙansa ya sa Aljanna ce makomarsa, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Tasha ta koma aiki yadda aka saba, kuma iyalai sun zauna sun amince dokar cigiya da sanarwar rasuwa tana nan ba canji. Masu bashin talla tun kamfen ɗin 2023 kuma, kun san kanku, ofis a buɗe yake daga ƙarfe 8 na safe.