Ranar da ruwa ya shiga allon suluna

A San Jose ta jihar Kalifoniya nake karatu, kuma allon sulu mai batir, wato allo mai tayoyi da ake tsayawa a kai yana tafiya, shi ne jakina daga gida zuwa makaranta. Daga Mayu har Oktoba da ƙyar ake ganin ɗigon ruwa a garin, har na manta ana damina. Sai ga Janairu. Wata yamma na fito bayan an ɗauke ruwa, na ratsa wani ɗan kududdufi da bai kai idon sawu ba. Na isa gida lafiya, na jona caji, na kwanta. Da safe na danna rimot, shiru kake ji.

Jikin kwalin allon an rubuta IP54, lambar da ke nuna juriyar kaya ga ƙura da ruwa, ni kuwa na ɗauka ba ya jin ruwa ke nan. Ashe wannan lamba ta 4 fantsalin ruwa kawai take nufi. Wanda ake tsomawa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30 ya fito lafiya, IP67 ake rubuta masa.

Da na kwance murfin ƙasa, ruwan bai fi cokali biyu ba, amma ya kwanta daidai kan fanel ɗin lantarki da ke sarrafa injin tayoyi. Ta bakin caji ya shiga, inda 'yar robar da ke toshe shi ta yage tuntuni ban kula ba, da kuma ramin da wayoyin injin suke fitowa. Batirin yana kai bolt 42 in ya cika, ga shi na ba shi wuta dare guda a jiƙe. Ƙafafun fanel duk sun yi kore. Allah ne ya tsare batirin litiyom ɗin bai kama da wuta ba ina barci.

Wani abokina ya ce in binne shi a shinkafa. Na ce masa, malam, shinkafar tawa ko ni ba ta isa ta. Giyar goge fanel ta isofurofil na sa da tsohon buroshin haƙori, na bar shi gaban fanka kwana 3. Fanel dai bai tashi ba, sai sabo na saya, garanti kuma bai shafi ɓarnar ruwa ba.

Wajen toshewa na sake tafka wata. Silikon na banɗaki na fara shafawa, mai warin binega, kafin na gane tsamin da yake fitarwa yana cin jan ƙarfe. Haka na zauna ina kankare shi da reza, na koma na saya marar tsami. Na fesa wa sabon fanel banis na kayan lantarki, na cusa giris a mahaɗar wayoyi, na canza robar bakin caji. Boris ɗin tayoyi kuwa tsatsa ta riga ta ci su, suna ta ƙara kamar injin markaɗe.

Yanzu in na ga titi a jiƙe, allon nake rungumewa a hammata in nufi tashar bas, duk nauyinsa kuwa.