Sauya Robar Fistan a Ƙaramar Bindigar Iska

A shagonmu da ke birnin Tahoua muna gyaran bindigogin iska masu aiki da sifirin, waɗanda ke harba ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5 ko 5.5. Mafi yawan ƙananan da ake kawo mana ciwonsu ɗaya ne, wato raguwar ƙarfi, kuma mai bindiga yakan zo da yaƙinin cewa sifirin ne ya mutu, alhali sau da yawa robar da ke kan fistan ce ta ƙare. Idan aka ɗana bindigar, fistan yana matse sifirin, idan aka ja kunama kuma sai ya ruga ya tura iskar da ke cikin silinda ta wata ƴar kafa zuwa bayan ƙwaya. Robar nan ce ke hana iskar zurarewa ta gefe, kuma iskar da ta tare ce ke hana fistan dukan ƙarshen silinda.

Zafin yankinmu na Adar da ƙurar hunturu ba sa ragawa wannan abu. A tsofaffin bindigogi fata ake sawa, tana bushewa ta tsuke. A wasu bindigogi ƙirar kamfanin Diana na Jamus, musamman lamba 6, robar asali takan ruɓe ta marmashe har ta toshe kafar iska. Ita lamba 6 fistan biyu gare ta ɗaya na tafiya gaba ɗaya na tafiya baya lokaci guda, don haka mai haɗa ta dole ya daidaita haƙoran giyar da ke haɗa su, in ba haka ba ya lalata su.

Ba mu taɓa kwance bindiga sai mun tabbatar babu ƙwaya a ciki kuma ba a ɗane take ba, sannan mu sa ta a na'urar matse sifirin kafin mu zare ƙusoshin baya, domin sifirin yana da sauran ƙarfi ko bai ɗanu ba. Bayan an wanke silinda tas, aikin da ya fi cin lokaci shi ne goge kaifin tsagar da sandar ɗanawa ke bi, saboda nan ne sabuwar roba ke yankewa tun ana shigar da ita, mai gyara bai sani ba. Robar zamani mukan jiƙa ta a ruwan zafi har ta yi laushi ta hau kan fistan ba tare da tsagewa ba. Daga nan sai gwaji: idan ta matse ƙwarai tana cin ƙarfin sifirin, idan ta yi sako-sako iska na gudu, saboda haka mukan rage gefenta kaɗan-kaɗan da samfefa mai laushi har fistan ya riƙa tafiya da ɗan turin yatsa.

Wannan awo na hannu na koya ne a Yamai, wurin maigidana, wanda asalin sana'arsa gyaran fitilun famfo ne masu fata a ciki. Yakan sa ni toshe kafar iska da yatsa in tura fistan, kuma muddin bai dawo da kansa ba, ba ya barin a haɗa bindigar, komai gaggawar mai ita.

Abin da ke ɓata mana rai shi ne masu yanko roba daga tsohuwar taya ko silifa su cusa, sannan su tsiyaya baƙin mai a silinda. Matsin iska yana haifar da zafin da ke kunna man, bindiga ta yi ƙara da hayaƙi, mai ita ya ɗauka ƙarfi ta ƙara, alhali robar ce ke ƙonewa, sifirin kuma yana iya karyewa. Irin waɗannan ne ake kawo mana daga baya, ana kuma cinikin aikinmu da farashin aikin waɗancan. Mu giris mai sinadarin molibdenum muke shafawa, kaɗan ƙwarai, a gefen roba da jikin fistan, ba a fuskarta ba. Fata kuwa mukan bar ta ta kwana tana shan man silikon.

Kafin mu miƙa bindiga mukan duba ƙaramar robar da ke gindin bututu, mu yi ta harbi da ƙwaya har sabuwar roba ta zauna ƙarfin ya daidaita, mu kuma gargaɗi mai ita kada ya taɓa harba ta babu ƙwaya a ciki.